Filin Tambaya da Amsa: Pareto, Rabon Dukiya da Sauyin Manya

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun zo daga garuruwa dabam-dabam, amma dukkansu suna magana ne a kan mutum guda, wato Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki da zamantakewa ɗan ƙasar Italiya, don haka muka haɗa su a wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, ina sarin albasa ina turawa kudancin ƙasa. Ɗana da ke karatun tattalin arziki a Jami'ar Ngaundere ya duba littafin da nake rubuta bashi, sai ya ce kashi 80 cikin ɗari na kuɗina suna hannun kashi 20 cikin ɗari na abokan cinikina. Ya ce wannan doka ce ta wani Bature mai suna Pareto, kuma haka dukiyar duniya gaba ɗaya take rabe, babu mai iya canza ta. Shin wane ne wannan mutum, kuma maganar yaron gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Yaron ya karanta littafinka daidai, amma ya ɗora wa Pareto kayan da ba nasa ba, sannan ya ƙara da hukuncin da hujja ba ta kai gare shi ba.

An haifi Pareto a birnin Paris a shekarar 1848, lokacin da mahaifinsa, mutumin Genoa, yake gudun hijirar siyasa a Faransa, mahaifiyarsa kuwa Bafaranshiya ce. Asalin karatunsa injiniyanci ne, wanda ya yi a Turin, kuma ya shafe kusan shekara ashirin yana aiki, da farko a kamfanin jirgin ƙasa, daga baya a matsayin shugaban masana'antar ƙarfe a yankin Florence. Sai da ya haura shekara arba'in sannan ya zama malamin jami'a, domin a 1893 ne ya gaji kujerar Léon Walras ta koyar da tattalin arziki a Jami'ar Lozan da ke Suwizalan. Wannan tarihi yana da muhimmanci wajen fahimtarsa, saboda mutum ne da ya saba da awo da lissafi, kuma ya ga yadda 'yan siyasa da masu masana'antu ke haɗa baki wajen sanya harajin kwastan don amfanin kansu, abin da ya yi ta suka a jaridu tun kafin ya shiga aji.

A littafinsa na darussan tattalin arziki da ya fito a 1896 da 1897, ya tattara bayanan harajin kuɗin shiga na Ingila, da wasu jihohin Jamus irin su Prussia da Saxony, da wasu biranen Italiya da Suwizalan, sai ya lura cewa yawan masu kuɗi yana raguwa bisa wani tsari mai kama da juna a duk waɗannan wurare. Bari in bayyana shi da misali na lissafi kawai. A ce a wani gari mutum 1,000 ne ke samun fiye da sefa 100,000 a wata. Bisa ma'aunin da Pareto ya fi samu a alƙalumansa, waɗanda ke samun fiye da 200,000 za su kasance wajen 350, masu samun fiye da 400,000 kuma wajen 125, haka abin zai yi ta tsukewa, amma ba zai yanke nan da nan ba, domin can a ƙololuwa akwai 'yan tsirarun da samunsu ya ninka na talaka sau ɗaruruwa. Wannan ya bambanta da tsawon mutane, inda kusan kowa ke kusa da matsakaici kuma ba a taɓa samun wanda ya ninka ɗan'uwansa sau goma ba.

Maganar 80 da 20 kuwa, ana danganta masa cewa ya lura kashi 80 cikin ɗari na filayen Italiya suna hannun kashi 20 cikin ɗari na jama'a, amma wanda ya mayar da ita ƙa'ida ta gama-gari, ya kuma laƙaba mata sunan Pareto, shi ne Joseph Juran, injiniya a Amurka, a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ya ga cewa 'yan kurakurai kaɗan ne ke haddasa mafi yawan lalacewar kaya a masana'antu. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka bi ainihin ma'aunin da Pareto ya fi samu, kashi 20 na sama za su riƙe wajen kashi 58 ne cikin ɗari na kuɗin shiga, ba 80 ba. Saboda haka 80 da 20 ba adadi ne da aka sassaƙa a kan dutse ba. A wani wuri abin zai zama 70 da 30, a wani wurin 90 da 10.

A harkar kasuwanci, amfanin ƙa'idar a bayyane yake, kuma na tabbata ka san shi tun kafin a haifi yaron. Idan ka buɗe littafin nan za ka ga shafi bayan shafi na masu buhu biyu da masu buhu biyar, waɗanda in ɗaya ya ƙi biya ba za ka rasa barci ba, sannan ka ga sunaye huɗu ko biyar na masu ɗaukar mota guda cur, waɗanda jinkirin ɗayansu na mako biyu ya isa ya hana ka biyan manoma. Su ne ya kamata ka fi sa wa ido, ka san halin da kasuwarsu ke ciki, kuma kada ka bari jarinka ya taru a hannun mutum guda komai daɗewar amana.

Inda ban yarda da yaron ba shi ne cewar babu mai iya canza rabon dukiya. Gaskiya ne Pareto da kansa ya karkata ga ganin cewa wannan tsari yana da wuyar motsawa, kuma hanyar da ta fi dacewa a taimaki talaka ita ce a bunƙasa arzikin ƙasa baki ɗaya. Amma alƙalumansa na masu biyan haraji ne, wato masu hali, shi ya sa tsarin nasa ke dacewa da saman al'umma ya kuma kauce idan aka gangaro ƙasa. Tarihin da ya biyo bayansa ma bai goyi bayan tsattsauran fahimtar ba, domin daga yaƙin duniya na farko zuwa shekarun 1970 kason da manyan attajirai ke riƙe da shi a Turai da Amurka ya ragu sosai, saboda yaƙe-yaƙe da haraji mai hawa-hawa da ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago da yaɗuwar ilimi, sannan ya sake hawa daga wajen 1980 lokacin da manufofi suka sauya. Abin da ke hawa da sauka bisa dokokin da mutane suka kafa ba za a kira shi ƙaddarar da ba ta motsi ba. Mu ma a namu tsarin, rabon gado yana wargaza dukiyar mutum guda tsakanin magada da yawa, zakka tana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, kuma aya ta 7 a Suratul Hashri ta bayyana dalilin rabon wata dukiya da cewa don kada ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai. Da taruwar dukiya ba ta da magani, da ba a shar'anta waɗannan ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Yagwa. Na halarci wani taro kan ayyukan noman rani, inda wani ƙwararre ya yi ta maimaita cewa aikin da ake shirin yi ya cika ma'aunin inganci na Pareto, don haka babu dalilin ƙorafi. Na ji kunyar tambaya a gaban jama'a. Mene ne wannan ma'auni, kuma cika shi yana nufin an yi adalci?

Amsa: Malama, barka kadai, kuma da kin yi tambayar a zauren da kin taimaki mutane da yawa, wataƙila har da shi ƙwararren.

Ma'aunin yana da sauƙin faɗi. Idan aka yi wani sauyi da ya amfani aƙalla mutum guda, kuma bai rage wa kowa komai ba, to wannan sauyi ci gaba ne a ma'aunin Pareto. Idan kuma aka kai matsayin da babu sauran irin wannan sauyi, wato ba za a iya ƙara wa wani ba sai an rage wa wani, to an kai matuƙar inganci. Pareto ya shimfiɗa wannan tunani sosai a littafinsa na 1906, kuma dalilinsa na ilimi ne: ya ga cewa babu sikelin da zai auna jin daɗin mutum biyu a kwatanta, a ce farin cikin wane ya fi baƙin cikin wane nauyi. Abin da za a iya sani kawai shi ne kowane mutum ya fi son wannan a kan wancan. Saboda haka ya nemi ma'aunin da ba ya buƙatar a kwatanta zuciyar wani da ta wani, kuma wannan ma'auni ya zama ginshiƙin abin da ake koyarwa a jami'o'i har yau game da ingancin kasuwa.

Ciniki na yardar juna shi ne misalinsa mafi kusa. Makiyayi da ke buƙatar dawa da manomin da ke buƙatar taki, idan suka daidaita shanu suka kwana a gona bayan girbi aka ba makiyayi damin hatsi, kowa ya ƙaru kuma ba wanda ya ragu. Irin wannan dama, barin ta asara ce tsagwaronta, kuma a nan ma'aunin yana da amfani ƙwarai, domin yana nuna inda ake zubar da alheri ba tare da kowa ya amfana ba.

Amma ki lura da abin da ma'aunin ya yi shiru a kansa. A ce mutum goma sun yi watanda da sallah, sai ɗayansu ya kwashe naman sa ɗin gaba ɗaya ya bar sauran da hannu rabbana. A ma'aunin Pareto wannan rabo ya kai matuƙar inganci, tunda ba za a iya ba sauran tara ko tsoka ɗaya ba sai an rage wa mai kwasar. Haka kuma da an raba daidai wa daida, shi ma ya kai matuƙar inganci. Ma'aunin ba ya iya zaɓa tsakanin waɗannan biyun, kuma ba ya tambayar yadda aka yi kowa ya mallaki abin da ke hannunsa tun farko. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya samu lambar yabo ta Nobel a 1998, ya daɗe da nuna cewa al'umma na iya cika wannan ma'auni kuma ta kasance abin ƙyama. Ni a ganina wannan ba laifin Pareto ba ne, domin bai ce ma'auninsa na adalci ba ne. Laifin na masu ɗaukar sa su toshe bakin jama'a da shi ne.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar taron da kika halarta. Kusan babu wani babban aikin gwamnati da ke cika ma'aunin Pareto na asali, saboda madatsar ruwa ko hanya ko bututun mai dole su taɓa gonar wani ko mashayar wani. Ganin haka ne a 1939 masana biyu a Ingila, Nicholas Kaldor da John Hicks, suka sassauta shi, suka ce aiki ya inganta idan ribar waɗanda suka amfana ta isa su biya diyyar waɗanda suka cutu har su yi saura, ko da kuwa ba a biya diyyar a zahiri ba. Wannan sassauci shi ne tushen lissafin riba da asara da ake yi wa ayyukan raya ƙasa, kuma ina kyautata zaton shi ƙwararren yake nufi. Tsakanin a ce za a iya biya da a ce an biya kuwa akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ne talaka ke faɗawa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin yana ƙofar gidanku. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga tare da shingen da ke bin gaɓar kogin Logone, don noman shinkafa a ƙarƙashin hukumar SEMRY. Manoman shinkafa sun samu ruwa, tafkin Maga ya samar da kamun kifi, amma ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamun da ke arewa da madatsar ta ragu ƙwarai, ga kuma farin da aka yi a shekarun 1980 ya ƙara tsananta lamarin. Ciyawar da Fulani da Larabawan Shuwa ke kai shanu su ci da rani ta lalace a wurare masu faɗi, kifin da Kotoko da Musgum ke kamawa idan ruwa ya janye ya yi ƙaranci, namun dajin Waza ma suka taɓu. Sai a 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa don a mayar da ambaliya ga wani ɓangare na fadamar. Wanda ya tsaya a bakin gonar shinkafa zai ce an ci gaba, wanda ya tsaya a tsakiyar busasshiyar fadama zai ce an ci baya, kuma ma'aunin Pareto na gaskiya yana tare da na biyun, tunda sharaɗinsa shi ne kada kowa ya ragu.

Haka abin yake da karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994: masu fitar da auduga waje sun samu sauƙin gasa a kasuwar duniya, ma'aikaci mai albashi da mai sayen maganin da aka shigo da shi daga waje kuwa suka ji a jikinsu. Idan kika sake samun kanki a irin wancan taro, ki tambaya su wane ne za su rasa wani abu, nawa ne kimar abin, wa zai biya su, kuma yaushe. Idan aka ce ba wanda zai rasa komai, ki nemi a nuna miki inda makiyaya da masunta da matan da ke ɗiban ruwa suka shiga cikin lissafin, domin su ne aka fi mantawa da su saboda haƙƙinsu ba a rubuce yake a takarda ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne da na yi ritaya a Garwa. Na ji an ce Pareto ya ce manya suna sauyawa kullum, wasu su faɗi wasu su hau. Amma ni abin da nake gani shi ne gidajen da ke da faɗa-a-ji tun ina yaro su ne dai har yanzu. Ina sauyin yake?

Amsa: Tare da naka, Baba. Tambayarka ta taɓa ɓangaren aikin Pareto da ya fi ba shi wahala, kuma wanda a ganina ya fi daɗin karatu, wato babban littafinsa na ilimin zamantakewa da ya fito a 1916.

Da farko, abin da yake nufi da manya ba yabo ba ne. Ya ce a ɗauki kowace sana'a a ba mutane maki daga sifiri zuwa goma: lauyan da ya fi kowa ya samu goma, wanda ba ya samun ko mutum guda da zai kare ya samu ɗaya. Wanda ya tara miliyoyi ya samu goma, ko ta halal ya tara ko ta haram. Har ɗan damfara ya saka a ciki, ya ce wanda ke cutar mutane ya kuɓuta daga kurkuku ya cancanci maki mai yawa a fagensa, ɓarawon da ya saci cokali aka kama shi nan take kuwa maki ɗaya ya ishe shi. Masu maki mafi yawa a kowane fage su ne manya, kuma ya raba su biyu: masu hannu a mulki kai tsaye ko a kaikaice, da waɗanda suka yi fice a wasu fagagen ba tare da mulki ba. A ra'ayinsa kowace al'umma 'yan tsiraru ne ke juya ta, ko sunan tsarin sarauta ne ko dimokuraɗiyya ko gurguzu. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba, domin ɗan ƙasarsu Gaetano Mosca ya yi irin wannan magana, har suka yi ta jayayya kan wanda ya riga wani, sannan Robert Michels a 1911 ya nuna yadda hatta jam'iyyun talakawa ke komawa hannun 'yan kaɗan.

Abin da Pareto ya ƙara shi ne bayanin yadda manyan ke lalacewa. Ya aro siffofi biyu daga Machiavelli, tsohon marubucin siyasa ɗan Italiya, wato zaki da dila. Masu halin zaki suna riƙe da al'ada da addini da kishin ƙasa, kuma ba sa shakkar amfani da ƙarfi. Masu halin dila kuwa gwanayen dabara ne da ƙulle-ƙulle da sasanci da rabon kwangila, suna mulki da wayo da kuɗi. Ya ce idan zakuna suka karɓi mulki sukan buƙaci diloli don tafiyar da harkoki, a hankali dilolin su cika fada, har a wayi gari masu mulki sun iya saye da lallashi amma ba su da ƙarfin zuciyar kare tsarin, sai wasu sababbin zakuna su taso daga ƙasa su ture su. A fagen tattalin arziki ma ya ga kwatankwacin haka tsakanin masu kasadar zuba jari da masu zaman cin haya da kuɗin ajiya. Daga nan ne ya ce tarihi maƙabartar manya ne. Duk wanda ya yi karatun zaure zai ji wannan bai zama masa baƙo ba, domin Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga ya bayyana yadda mutanen karkara masu ƙarfin haɗin kai ke cin birni, jikokinsu su narke cikin jin daɗi, wasu su zo su karɓe, ya kuma ƙiyasta rayuwar daula da zuriya uku.

Idan muka duba tarihin yankinmu da ma'aunin shekara ɗari biyu maimakon shekarun rayuwar mutum guda, sauyin a fili yake. A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usman ɗan Fodiyo, malamai da ardo-ardon makiyaya suka zama lamibe, wato sarakunan Fulani, a Garwa da Marwa da Ngaundere da Rai Buba, suka hau kan sarakunan da suka tarar. A 1901 da 1902 Jamusawa suka ci waɗannan garuruwa da yaƙi, bayan yaƙin duniya na farko Faransawa suka gaje su, suka bar lamibe a kan karagarsu amma suka buɗe wata sabuwar ƙofa, wato makarantar boko. Ta wannan ƙofa ce Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924 kuma ma'aikacin gidan waya, ya zama firayim ministan Kamaru a 1958 da shugaban ƙasa a 1960, har sarakunan da a da ba zai zauna kusa da su ba suka koma ƙarƙashin ikon gwamnatinsa. A Chadi kuwa abin ya zo da ƙarar bindiga: 'yan bokon kudu da suka karɓi mulki tare da shugaban ƙasar na farko, Tombalbaye, wanda malamin makaranta ne, sun rasa shi bayan juyin mulkin 1975 da yaƙin 1979, ya koma hannun mayaƙan arewa, Hissène Habré ya hau a 1982, Idriss Déby ya ture shi a 1990.

Duk da haka, abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma Pareto yana da bayaninsa. Sauyin manya iri biyu ne. Akwai na sannu-sannu, inda tsofaffin gidaje ke jawo haziƙan 'ya'yan talakawa su shigar da su ta hanyar aure ko sarauta ko muƙami, kuma su tura nasu 'ya'yan su yi sabon ilimin da zamani ke so. Ka dubi naɗin sarauta a kowace fada a yau: za ka ga attajirin da kakansa ɗan koli ne ana naɗa masa rawani, ga ɗan lamido da ya dawo da digiri yana riƙe da ofis a Yawunde, ga auren da ya haɗa gidajen biyu. Sunan gida bai canza ba, amma jinin da ke cikinsa da tushen ƙarfinsa sun canza. Iri na biyu shi ne na rushewa, wanda ke zuwa idan aka toshe ƙofa, haziƙai suka taru a ƙasa ba su da mashiga, ragwaye kuma suka taru a sama ba mai iya sauke su. A nan ne nake ganin darasin Pareto ya fi shafarmu, domin an buɗe Jami'ar Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, kuma kowace shekara suna yaye matasan da da yawansu ke komawa tuƙa babur ko sayar da man fetur a kwalba. Idan cin jarrabawar shiga aikin gwamnati ya dogara da wanda ka sani fiye da abin da ka sani, to gidajen da kake magana a kansu suna rufe wa kansu hanyar sabuntawa ne, ko da a yau suna ganin sun ci riba.

Sai dai ina da ja a kan wani abu guda. Pareto ya ɗauka cewa talakawa 'yan kallo ne kawai, ana sauya musu ubangida suna tafi, kuma duk maganar 'yanci da adalci ado ne da masu neman mulki ke lulluɓe buƙatarsu da shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma kowa ya ga yaƙin neman zaɓe ya sani. Amma manyan da ake iya saukewa da ƙuri'a, ake iya kai su kotu, ake iya sukar su a rediyo, ba daidai suke da manyan da sai da bindiga ake rabuwa da su ba, ko da duka biyun 'yan tsiraru ne. Wannan bambanci Pareto bai ba shi nauyin da ya kamata ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Injamena. Wani abokina ya ce bai kamata mu karanta Pareto ba domin shi ne uban gidan mulkin kama-karya na Mussolini. Haka ne?

Amsa: Ɗana, abokinka ya wuce gona da iri, ko da yake maganarsa ba ta rasa tushe ba. Mussolini ya karɓi mulkin Italiya a watan Oktoban 1922, ya riƙa iƙirarin cewa ya saurari darussan Pareto a Lozan lokacin ƙuruciyarsa, kuma a 1923 aka naɗa Pareto ɗan majalisar dattawan Italiya. Pareto, wanda ya daɗe da yanke ƙauna daga 'yan majalisar ƙasarsa da yake gani a matsayin diloli masu cin dukiyar jama'a, ya yi maraba da sabuwar gwamnatin a farkonta, kuma yadda ya riƙa yi wa dimokuraɗiyya ba'a ya ba 'yan kama-karya kalmomin da suka yi amfani da su. Wannan abin zargi ne a kansa, kuma ba na ganin dalilin ɓoye shi.

A ɗaya ɓangaren, mutumin ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana kare 'yancin ciniki yana sukar kashe kuɗi a kan soja da yaƙin mamaya, kuma a rubuce-rubucensa na ƙarshe ya ja hankalin sabuwar gwamnati da ta bar 'yancin faɗin ra'ayi da na koyarwa a jami'a. Ya rasu ranar 19 ga Agustan 1923 a gidansa da ke Céligny kusa da Geneva, wata goma kacal bayan hawan Mussolini, kafin kisan ɗan adawa Giacomo Matteotti a 1924 da kafa cikakken mulkin kama-karya daga 1925. Ka karanta shi, musamman abin da ya rubuta kan rabon kuɗin shiga da ma'aunin inganci, domin za su fito maka a jarrabawa ko kana son siyasarsa ko ba ka so, sannan ka haɗa da Ibn Khaldun da Sen don ka ga inda suka dace da shi da inda suka saɓa masa.